Ɗumamen Malam Nomau

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ina tsaye a biro, wato ofishin wani lakwal, wata makaranta a unguwar Dar es Salam ta Yamai, da hantsi, injin buga takardu yana ta fitar da biltan, wato takardun sakamakon yara na ƙarshen zango, sai salulata ta yi ƙara. Hajiya Rakiya ce, matar Malam Nomau. Ba ta taɓa kirana da kanta ba, kullum ta bakinsa muke gaisawa, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ta ce, "Alhaji, abokinka ya riga mu." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na san yana kwance a likita, amma da na je dubiya na same shi zaune yana yi wa mai jinya gardama a kan ƙarancin gishiri a miya, har na dawo da ƙarfin gwiwa. Na tsaya riƙe da salular a kunne. Injin kuwa bai tsaya ba. Takarda na bin takarda, kowace da sunan yaro da makinsa da matsayinsa a aji, cikin saurin nan da Malam Nomau ya koya masa.

Waɗanda suka san ni a Yamai sun san ba ni da yawan yabon mutane. Ni ne Lawali, ɗan Tasawa. Na baro kwaleji ban kai ƙarshe ba, babu takarda a hannuna. Na shigo garin nan a saman motar wake, ba kawu, ba ubangida. Na yi gyaran rediyo a kan tebur guda a unguwar Maourey, na koma gyaran salula, na koma ordinatar, wato kwamfuta. Faransancin da ke cikin littattafan na'ura ni na koya wa kaina da ƙamus mai yagaggen bango. Ni na rubuta lojisiyel ɗin, wato manhajar na'ura, da lakwal-lakwal masu zaman kansu suke lissafa sakamakon yara da shi, ni na bi su ƙofa-ƙofa a kan moto, rana ta doke ni, ruwa ya doke ni, masu gadi suka kore ni na dawo. Babu wanda ya ɗora ni. Wannan magana na faɗe ta a gaban manya da yara, kuma na maimaita ta a nan ne don ku san bakin da zai faɗi abin da ke tafe ba bakin maroƙi ba ne.

Ranar addu'ar uku ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, na ji wani yana tambayar na kusa da shi ko wane ne mamacin. Aka ce masa, "Wani tsohon malamin lissafi ne, da ya ajiye aiki yake ɗan taya Lawali mai ordinatar zama a biro." Taya ni zama! Da na shiga ciki yi wa Hajiya gaisuwa, tana cikin takaba, ta bayan labule ta ce mini, "Alhaji, don Allah in tambaye ka. Kullum in na ce masa aikin mi yake yi a wurinka, sai ya ce ɗumame yake tsaro. Na ɗauka ba'arsa ce. Yanzu yara suna tambayata, ban san abin da zan ce masu ba."

Ban ba ta amsa a wurin ba, don maganar ta fi ƙarfin bakin labule. Ga amsar nan, Hajiya. Ki sa a karanta wa yara. Mutumin da ya yi aiki irin nasa bai kamata ya tafi da sunan mai taya zama ba.

Malam Nomau Sale Bagobiri ne, mutumin Tsibiri. Ya koyar da lissafi shekaru masu yawa, sannan ya koma karatu ya koyi aikin rumbun bayanai, ya riƙe shi a wata ma'aikatar gwamnati har ya ajiye aiki. A masallacin unguwa muka san juna, gaisuwa kawai. Wata rana bayan la'asar ya ga fuskata ba daɗi ya tambaye ni, ni kuma da ba na kai kuka wurin kowa, ban san abin da ya sa na gaya masa ba.

Ga abin da ya faru. Cikin lojisiyel ɗina akwai rumbu mai jadawali uku: na sunayen yara, na darussa, na maki. Kowane yaro da lambarsa, lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure jadawalan wuri guda. In kana son mwayan ɗin yaro, wato matsakaicin makinsa, sai na'ura ta bi igiyar ta tattaro duk makin da ya samu, ta auna kowane darasi da nauyinsa, don lissafi ya fi zane nauyi, ta tara ta raba. In kuwa kana son matsayinsa a aji, dole ta yi wa kowane ɗan ajin wannan aiki, sannan ta jera su. Muddin darakta ne kaɗai ke tambaya daga bironsa, babu damuwa. Amma sai na buɗe wa iyaye hanya su duba ta salula. Ranar fitar sakamako uba ya danna, uwa ta danna, gwaggo daga Damagaram ta danna, yaron ma ya ari salular maƙwabci ya danna. Duk dannawa ɗaya, na'ura ta koma farko ta lissafa aji sukutum. Kafin azahar ta durƙushe kamar raƙumin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Daraktoci suka yi ta kirana, wasu har da zagi. Ni a ganina maganin shi ne in nemo na'urar da ta fi wannan girma.

Washegari ya zo biro da ƴar hularsa da gilashinsa mai igiya. Ya zauna ya daɗe yana karanta abin da na rubuta, bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Can ya cire gilashin ya ce, "Alhaji, a gidanka in yaro ya tashi da safe da yunwa, sai a sake surfe, a kai niƙa, a hura wuta, a tuƙa masa sabon tuwo?"

Na ce, "Wa ke da wannan lokaci? Ɗumame ake ba shi."

Ya ce, "To mi ya sa na'urarka take tuƙa sabon tuwo ga duk wanda ya yi sallama?"

A ranar ya ƙara jadawali na huɗu. Na'ura ta lissafa aji sau ɗaya, ta ajiye mwayan da matsayin kowane yaro a ciki, duk wanda ya danna a ɗebo masa daga nan. Ya sa wa jadawalin suna ɗumame, sai dai na'urar ba ta san ɗ mai ƙugiya ba, don haka dumame aka rubuta. Abin da ke sa mutum jira har ya gaji ya koma ƙiftawar ido.

Na ce masa ai wannan da na zauna da ni ma na gano shi. Kuma gaskiya na faɗa, da na gano shi. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Ajiyewa kowane ƙato ya iya. Aikin shi ne sanin lokacin zubarwa." Wannan ita ce maganarsa ta farko da na riƙe, kuma sai daga baya na ga zurfinta. Tuwon da ya kwana ya lalace, hanci zai gaya maka. Lissafin da ya kwana ya lalace ba ya wari, fes yake fitowa a takarda da tambarin lakwal a kansa, uba ya karɓa ya yarda. Malam Nomau ya kwashe rani guda yana neman duk ƙofar da lamba za ta iya canzawa ta cikinta. Malami ya gyara maki. Darakta ya sauya nauyin darasi. An ɗauke yaro daga wannan aji zuwa wancan. Yarinya ta yi rashin lafiya ta yi jarrabawarta daga baya. A kowace ƙofa ya dasa abin da yake kira mai gadi, ɗan umarni da ke zaune cikin rumbun, wanda da zarar an taɓa lamba sai ya kife tukunyar ajin, a sake tuƙawa daga asalin maki. Kuma kowane layi a jadawalin ya sa masa lokacin da aka tuƙa shi. Yakan ce, "Duk abin da ka ajiye, ka ajiye ranarsa tare da shi."

Ba kullum muke shiri ba, kada wani ya ɗauka haka. Akwai ranar da wani direban taksi ya zo wani lakwal riƙe da takardar jarrabawar ɗiyarsa. Malamin ya ba ta sha bakwai, amma wajen shigarwa aka sa bakwai, kuskuren ya jawo ta ƙasa har za ta maimaita aji. Aka gyara makin, mai gadi ya kife tukunyar ajin gaba ɗaya, ga shi an riga an buga biltan ɗin kowa, ga kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ga iyaye tsaye cikin rana. Na ce, "Malam, buɗe ɗumamen nan mu gyara layinta da hannu, mu buga nata ita kaɗai, mutane su tafi."

Ya ce, "Alhaji, ba a sa hannu a ɗumame."

Na ce, "Yarinya ɗaya ce fa!"

Ya ce, "In ta hau, wani ya sauka. Wanda ya sauka ɗin shi ma ɗan wani ne. Za ka bar shi ya kai wa ubansa matsayin da ba nasa ba?"

Na ɗaga murya, ban ɓoye ba. Shi bai ɗaga ba. Ya fita da kansa wurin iyayen, ya yi masu bayani da Hausa da ɗan Zabarmancinsa mai ɗingishi, ya sa aka kawo masu ruwan sanyi, ya tsaya tare da su a rana har kuran ya dawo aka sake buga na ajin duka. Har yau ina ganin da an bi tawa da mutane ba su sha wahalar nan ba. Amma na san a ajin nan ba a samu yara biyu riƙe da matsayi ɗaya ba, kuma direban taksin, duk inda ya hangi Malam a titi, sai ya tsaya ya buɗe masa ƙofa.

Duk ranar Juma'a kafin masallaci yana da al'ada. Zai zaɓi aji ɗaya da ka, daga kowane lakwal ya ga dama, ya sa na'ura ta lissafa shi daga asalin maki, ya gwada da abin da ke ajiye. Wani lokaci har ya ɗauki bik, wato alƙalami, ya bi yaro ɗaya da hannu. Ɗanɗano yake kiran wannan. Na taɓa ce masa, "Malam, shekara da shekaru ba ka taɓa kama kuskure ba, wahalar mi kake yi?" Ya ce, "Na'ura ba ta da hanci, Alhaji. Ni ne hancinta."

Ba a kan na'ura kaɗai yake haka ba. Akwai wani mutum da muka yi rikici tun ina kan teburina na Maourey, duk lokacin da aka ambaci sunansa nakan ce mugu ne. Wata rana Malam ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Yaushe ka tuƙa wannan?" Na ce mi? Ya ce, "Wanga hukunci. Ya kwana da yawa, koma tukunya." Da mutumin ya kwanta ciwo, Malam ne ya ja ni muka je dubiya. Ban ce na same shi waliyyi ba. Amma na same shi tsoho mai taushin baki, ba wanda na bari a Maourey ba. Haka Malam Nomau yake da kowa: ɗalibin da ya sani malalaci, in ya gamu da shi bayan shekaru, sai ya tambaye shi abin da yake yi yanzu kafin ya tuna masa da da.

Saura maganar Bature, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

Akwai Darakta Hamani, Bazabarme, mai lakwal babba, mutumin kirki mai son a san ya yi karatu. Wata rana ya leƙa allon na'ura ya ga an rubuta dumame, ya karanta shi da harshen Faransanci: Dumam. Bai tambayi kowa ba. A taron daraktoci ya tashi ya ce lojisiyel ɗin Lawali ya fi na kowa sauri saboda yana aiki da tsarin Dumam, wani babban masani Bature. Na zabura zan gyara, Malam ya riƙe mini gefen riga. Kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme, taubasai ne. Ya raɗa mini, "Don Allah Alhaji kar ka ɓata. Bazabarme ya samu Bature, bar shi ya more."

Tun daga ranar, duk inda suka haɗu sai Malam ya ce, "Hamani, ina labarin ubangidanka Dumam? Ya aiko da gaisuwa?"

Shi kuma ya ce, "Kai Bagobiri, mi ka sani a ilimin Turawa? Je ka ci tuwonka."

Malam ya ce, "Shi nake ci kullum da safe." Ya yi ta dariya har sai ya cire gilashi ya share ido.

Abin wasa ya zama suna. Yau in na je sabon lakwal, tambayar farko da darakta ke yi mini ita ce ko nawa yana da Dumam a ciki. Na sha ce wa Malam ya kamata a faɗi gaskiya. Yakan ce, "In sun ji Bature ne sun fi yarda da shi. Ni dai yara su samu makinsu daidai."

Hamani ya zo zaman makoki. Ya riƙe hannuna ya ce fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyarsu, kuma hawayensa na gaske ne, don ya so taubashinsa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kar ka ga rashin kunyata. Na san tsohon nan shi ke duba maka tsarin. Yanzu in ya samu matsala, kana da lambar Baturen?"

Na ce, "Hamani, Baturen muka kai makwanci shekaranjiya."

Ya tsaya yana kallona. Na ce masa ɗumame ne, tuwon jiya, da Hausa, Malam Nomau ne ya yi shi da hannunsa a birona. Ya nemi bakin tabarma ya zauna. Sai ya ce, "Bagobirin nan ya ci ni, kuma ya tafi ban rama ba." Sai ya rufe fuska da babbar riga.

To ni ma na koma tukunya. Maganar nan tawa, babu wanda ya ɗora ni, ba ƙarya ba ce. Ranar da na tuƙa ta gaskiya ce tsantsa, kuma ba zan janye ko kalma ɗaya daga abin da na lissafa a sama ba. Sai dai akwai lambar da ta canza ranar da wani tsoho mai gilashi da igiya ya shigo birona, kuma a wannan ƙofa ban dasa mai gadi ba. Na ci gaba da ɗebo wa mutane amsar jiya. Shi ya ji ni ina faɗarta sau da yawa, yana zaune a gefena, bai taɓa tambayata yaushe na tuƙa ta ba. Wannan kaɗai ya bar mini in gano da kaina. Na sake lissafi daga asali, ga abin da ya fito: ni na gina ɗakin, ni kaɗai, amma ginshiƙin da ya hana shi faɗuwa a kan ƴaƴan mutane na Malam Nomau ne.

Juma'ar da ta wuce na zauna a kujerarsa na zaɓi aji da ka, na yi ɗanɗano. Ya fito daidai. Zan ci gaba da yi muddin ina numfashi, kuma jadawalin nan ba mai canza masa suna.

Hajiya, ki gaya wa yara wannan shi ne aikin ubansu. Duk yaron da ya kai biltan gida daga lakwal ɗin da muke yi wa aiki, ubansa ya duba ya yarda da abin da ya gani, amanar Malam Nomau ya riƙe a hannunsa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Nomau ɗan Sale. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka kabarinsa. Ya tsare ma'auni a kan ƴaƴan da bai haifa ba, ka nauyaya masa nasa ma'aunin ranar da za a koma asalin kowane aiki. Ka ba Hajiya Rakiya haƙuri da ƙarfin zuciya, ka raya abin da ya bari, ka shirya masa zuriya, kada ka bar su su nemi komai a hannun wanda zai wulaƙanta su. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Ka rubuta sunansa cikin bayinka na gari.

Ku ma daraktoci, ku rubuta. A ƙasan kowane biltan akwai layin da ke ɗauke da sunana. Daga wannan zango za a sa wani a samansa: Tsarin lissafi, Malam Nomau Sale na Tsibiri. Na ji wasunku na cewa takardar ba ta da sauran wuri. Wanda ba shi da wuri ya rage girman tambarinsa. Hamani ya riga ya ce a fara da nasa lakwal, da manyan baƙaƙe. Sunana kuma a bar shi inda yake, a ƙarƙashin nasa, don duk wanda ya tambaya wa ya ce haka ne, a ce masa Lawali ɗan Tasawa ne ya shaida.